Buhu, kwano ko waya: wane irin cefane ya fi wa gida a Garwa?

Ƙanwata ta tare makonni kaɗan da suka wuce, can wajen unguwar Jambutu, nan Garwa ta arewacin Kamaru. Ranar da na je mata ganin ɗaki, ko ruwa ban gama sha ba ta matso kusa da ni. "Yaya, maigidan ya ce in zaɓa da kaina. Ko ya riƙa ajiye min kuɗin cefane kowace safiya, ko ya haɗa na wata ya sauke mana buhu, ko kuwa in yi irin na matan layinmu, in riƙa aikawa ta waya ana kawo min har ƙofar gida. Wanne zan ce masa?" Ban amsa mata nan take ba, don duka ukun na yi su, kowanne kuma na san inda ya rufa min asiri da inda ya ci min kuɗi. Abin da na gaya mata daga baya shi nake so in baje a nan. Da 'yan'uwana mata nake magana, amma maigidan da jakar cefane ke hannunsa shi ma ya kasa kunne.

Kafin 2020 da wuya amarya ta yi irin wannan tambaya. A yawancin gidajen da na sani, har da namu, awo da kwano ake yi. Maigida ya bar kuɗi da safe, ko ya biyo da kayan miya in zai dawo, a aiki yaro butik, wato shagon unguwa, ya sayo mai da magi, gobe kuma Allah ya kai mu. Buhu na masu gona ne da manyan 'yan kasuwa. Waya kuwa ta gaisuwa ce, sai tura wa tsohuwa kuɗi ƙauye.

Sai ga korona. Ranar 6 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Yawunde. Ranar 17 ga watan firaminista Joseph Dion Ngute ya karanto matakan gwamnati: a rufe iyakoki, a rufe makarantu, kada taro ya wuce mutum 50, a rage cunkoso a kasuwanni. Daga 13 ga Afrilu sanya takunkumi, wanda mu a nan muke ce wa kashne, ya zama dole a bainar jama'a, ga azumi saura kwana goma da 'yan kai. Mu ba a kulle mu cikin gida ba kamar yadda aka yi wa mutanen Kano da Legas, kasuwa ma ba ta daina ci ba. Amma muna jin labarinsu a rediyo, wanda kuwa ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, shafa wa nasa ruwa yake yi. Ga shi tun Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta ta ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020, kayan da muka saba samu daga Yola da Mubi da ma da ƙyar suke shigowa.

Ni malama ce a wata makarantar kuɗi. Da aka rufe, albashi ya tsaya tare da karatu. Maigidana yadi yake sayarwa a babbar kasuwa, biki ya tsaya, ba mai yankan atamfa. Allah ya sa a watan nan ni ke da kwasar adashi. Da ita muka sayi buhunmu na farko na masara, da ƙaramin buhun shinkafa, da bidon ɗin mai, wato jarka. Tsoro ne ya kai mu, ba lissafi ba.

Yau bokitin wanke hannu na bakin kasuwa ya ɓace, kashne ya koma na masu babur lokacin ƙura, musabaha ta dawo. Amma buhu bai fita daga ɗakina ba, lambar mai butik ma ba ta fita daga wayata ba. Abin da ya zaunar da su tsadar da ta biyo baya ce. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya taɓa alkama, burodin sefa 125 ya koma 150. Litar fetur a gidan mai ta tashi daga 630 zuwa 730 a Fabrairu 2023, sannan 840 a Fabrairu 2024. A tsakani, cikin Mayu 2023, Najeriya ta cire tallafin mai, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya na fasa-ƙwauri da masu babur ɗinmu suka dogara da shi, ta yi tsalle. Duk abin da ya sauka a tashar ruwa ta Duwala kuwa, sai ya hau jirgin ƙasa ko tirela zuwa Ngaundare, ya sake gangarowa a mota kafin ya iso mana, saboda haka kowane ƙarin kuɗin mai a tukunyarmu yake ƙarewa. Mai awon kwano washegari take jin ƙarin. Mai buhu tana da 'yan watanni kafin zafin ya iso ta.

Da buhun zan fara, don a nan riba ta fi yawa, a nan kuma asara ta fi ciwo.

Ribar buhu iri biyu ce, mutane kuma suna cakuɗa su. Ta farko ita ce ratar da ke tsakanin sari da kiri. Mai awo ya sayi buhu, ya biya dako, ya wuni a rana, dole ya ɗora nasa a kan kowane kwano. Wannan ribar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, kuma kowa na iya aunawa. Ki tambayi kuɗin buhu. Ki tambayi mai awon da kika yarda da shi kwano nawa ke fita a ciki, ki ninka da kuɗin kwano na ranar. Sannan ki cire kuɗin ɗan dako da na babur ko amalanken da zai kai miki gida. Abin da ya saura shi ne naki. A kan shinkafar waje da sukari, sau da yawa za ki tarar ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, domin farashinsu ba damina da rani yake bi ba, jirgin ruwa da kuɗin mai yake bi.

Ta biyun ce babba, ita ce ribar lokaci. Masara da dawa da gero da wake da gyaɗa suna sauka da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da manomi ke neman kuɗin makarantar yara da na biyan bashin taki, kaya sun cika kasuwa. Daga nan farashi ya riƙa hawa a hankali har tsakiyar damina, Yuli da Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, sabo kuma bai nuna ba. Akwai shekarar da hawan ba ya tsanani, musamman in an yi damina biyu masu kyau a jere, amma ban taɓa jin wadda ta sayi masarar ci da kaka ta koka da farashin da ta saya ba. Mu mutanen arewacin Kamaru ma muna da kaka ta biyu da ba kowa ke da ita ba, ta masakwa, dawar rani wadda Fulani ke ce wa muskuwari. Ana dasa ta a laka bayan ruwa ya ɗauke, a girbe wajen Fabrairu. Wanda ta farko ta wuce shi yana iya kama wannan.

Shi ya sa na ce wa ƙanwata wannan magana ta "buhu duk ƙarshen wata" tana buƙatar gyara. Wanda ya sayi buhun masara a Agusta, da tsadar Agusta ya saya, ya ƙara da ɗaure kuɗinsa wuri ɗaya. Hatsi sau ɗaya ko sau biyu ake sayensa a shekara, lokacin da ya faɗi. Abin da ya dace da sayen wata-wata shi ne sabulu, gishiri, sukari, taliya, shinkafa, irin kayan da ba su san kaka ba.

In za ki saya, kasuwar Pitowa da ke ci ranar Lahadi ba ta da nisa, kilomita 15 ne ko kusa da haka daga gari, masarar wajen Ngong kuma kowa ya san ta. Ki sa a juye buhun cikin wani a gabanki, don mai algus a gindi yake zuba tsakuwa da ƙaiƙayi da tsohon hatsi, ya rufe sama da mai kyau. Ki ɗauki ƙwaya ki ciza. In ta fashe ƙas, ta bushe. In haƙori ya nutse, da sauran ruwa a jikinta, kada ki kai ta ɗaki. Shinkafa kuwa, ko ta waje ce ko ta Yagwa, kada rubutun kilo 50 na jikin buhu ya ishe ki, a ɗora a sikeli, domin ana farke buhu a ɗiba a sake ɗinkewa.

Sayen ba shi ne aikin ba, ajiyar ce. A shekara ta biyu na sayi wake da kaka, farinsa tas, na jingine shi a lungu cikin buhunsa na kasuwa. Bayan wata uku na kwance, sai ƙwari suka taso min, kowace ƙwaya da huji, gindin buhu ya zama gari. Rabinsa ma bai yi ƙosai ba, kaji suka ci. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, ƙwansa na jikin ƙwayar, zafin ɗakinmu kuwa shi yake so. Maganinsa a nan ƙasarmu aka fara gano shi. Tun ƙarshen shekarun 1980 masu binciken noma na Marwa, a cibiyar da yanzu take ƙarƙashin IRAD, hukumar binciken noma ta ƙasa, tare da na Jami'ar Purdue ta Amurka, suka gwada ajiye wake a buhu mai ninki uku. Shi ne daga baya ya bazu da sunan PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a matse iskarsa a ɗaure bakinsa daban. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Ba magani ko ɗigo. Sharaɗinsa biyu ne, hatsin ya bushe sosai, ledar kuma kada ta huje. Saboda haka a ɗora shi a kan katako, nesa da bango, nesa da ɓera. Kuma ba buhun da za a riƙa buɗewa kullum ba ne. Ki ɗebi na mako biyu ko uku a wani mazubi, ki mayar ki ɗaure. In babu shi, bidon ɗin mai da aka wanke ya bushe, aka cika shi da wake har wuya aka toshe murfin, yana yin wannan aikin.

Abin da nake roƙon kowa da girman Allah shi ne a bar ƙwayar nan ta feshin rumbu da ake sayarwa a kasuwa, wadda ake naɗewa a tsumma a tura cikin buhu. Iska mai guba take fitarwa in ta ji danshi, an yi ta ne don manyan ɗakunan ajiya da ba a kwana cikinsu. A ɗakin da yara ke barci tana kisa. Haka kuma masara ko gyaɗar da ta yi funfuna, kada a ce a wanke a shanya a niƙa. Gubar da funfunar ke bari, afalatoksin, wuta ba ta kashe ta, hanta kuma take ci a hankali.

Sai wata ɓarnar da ba ƙwaro ke yin ta ba. Hannun da ke ɗiba daga buhu ba ɗaya yake da hannun da ke ɗiba daga kwano ba. In kwano biyu aka auno, kwano biyu za a dafa. In buhu ne a jingine, sai a riƙa ƙara 'yar tafi, tuwo ya kwana, a zubar. Maƙwabciya ta aiko a ranta mata, ɗan'uwa ya zo daga ƙauye a ƙulla masa, almajiri ya yi sallama. Ba na cewa a hana, abincin da aka bayar ba ya ɓata a wurin Allah, ni ma an ba ni lokacin da albashi ya tsaya. Amma buhun da aka yi wa lissafin wata huɗu ya ƙare a wata biyu da rabi, sai maigida ya fara tambaya, daga nan rigima ta tashi a kan abin da aka saya don kwanciyar hankali. Abin da ya gyara min shi ne kwano ɗaya tak na awo, da kuma ware na bayarwa tun ranar da buhun ya shigo. In na kyautar ya ƙare, na san ya ƙare, ba na taɓa na yara.

A ƙarshe, buhu kuɗi ne da aka ɗaure. Mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu da ba na noma ba, tun Maris 2023, sefa 60,000 ne, da yawa kuma ko shi ba sa samu. Mai irin wannan samu in ya zuba rabinsa a hatsi, yaro ya kwana da zazzaɓi, asibiti ba ta karɓar masara. Sai a mayar da buhun kasuwa a sayar da faɗuwa.

Akwai kuma abin da ko da kuɗi ba na tarawa. Gari ba ya jimiri, tsaba ake ajiyewa a riƙa kai wa inji kaɗan-kaɗan. Mai, ko Diamaor ɗin nan na auduga da kamfanin Sodecoton ke yi a garinmu ko man gyaɗa na gida, bidon babba sai gida mai yawa, don in ya daɗe a buɗe cikin zafi yana canza wari. Nama da kifi a firigo kuwa caca ce. Wutarmu daga madatsar Lagdo take, wadda aka gama a 1982, in ruwan tafkin ya ja baya da rani ita ma sai ta ja baya. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage wahalar, amma a watan Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 40, yini ɗaya babu wuta ya isa ya lalata naman wata guda. Ajiyar da ta dace da ƙasarmu ita ce ta kakanninmu: busasshiyar kuɓewa, kuka, kauɗar tumatir, barkono, daddawa, banda.

Cefanen kullum fa? Tun bayan korona wasu suke yi masa kallon na marasa tsari, wannan kuma rashin adalci ne. Gidan da kuɗinsa ke shigowa kullum, na tela, na mai babur, na mahauci, na mai tuyar ƙosai, cefanensa ma kullum ya kamata ya riƙa fita, don abin da ya shigo da yamma shi ake da tabbas a kansa. Ba ƙwaro, ba ɓera, ba ruwanki da wuta. Idonki ne ke zaɓar tumatir, hancinki ne ke gwada kifi. Kina tayi, a ce albarka, ki ƙara, a sallama, a yi miki gyara. Mai kayan miyan da ta saba da fuskarki ita ce za ta ce, "Ɗauki, 'yata, kya kawo gobe," ranar da hannunki ya bushe. Wannan sabon ba a samunsa da sayen sau ɗaya a wata. Na ga matan da suka koma sari gaba ɗaya, ranar da ta ɓaci suka dawo butik ɗin unguwa neman bashi, mai butik ya karɓe su kamar baƙi.

Sai dai tsadarsa a ɓoye take, shi ya sa ba a jin ta. A ce zuwa kasuwa da dawowa a babur sefa 400 ne. In kika je kwana 26 a wata, jaka goma ke nan da ɗari huɗu, wato sefa 10,400, ba ki sayi ko albasa ba. Man da ake ƙullawa a leda, da sukarin cokali, da omon ƙulli, in kika tara na wata kika gwada da kuɗin lita ko na kwali, za ki ga inda kuɗin cefane ke zurarewa. Ga matsalar canji. Silallan 25 da 50 da 100 sun daɗe suna wahalar samu, babban bankin BEAC ya fito da sababbi a Afrilu 2025 har da ta 200, amma har yanzu akan miƙo miki magi ko alewa a madadin canjinki, ko a ce ki biyo gobe, goben kuma a manta. Wanda zai zauna a kan kwano, to ya rage zirga-zirga. Babbar kasuwa sau biyu a mako, sauran kwanakin 'yar kasuwar unguwa da ƙafa. Mai da sabulu kuma a daure a sayi lita da sanda, ko da sauran komai na kullum ne.

Saura waya, wadda ita ce sabuwa a cikinsu, ita ce kuma ta fi ɗaukar hankalin amare. Lokacin korona aka riƙa cewa kuɗin takarda na ɗaukar cuta, kamfanonin waya suka sassauta kuɗin turawa na ɗan lokaci, mutane da yawa a lokacin suka fara biyan kaya da Orange Money ko MTN MoMo. Mata suka fara baje kaya a WhatsApp, daga turaren wuta har yajin daddawa. Yanzu sai ki aika saƙon murya, a haɗa kaya, mai babur ya kawo, ki tura kuɗi.

Akwai waɗanda wannan ya zame musu rahama, ban kuma yarda a raina shi ba. Mai jego, da tsohuwar da ƙafa ta gaza, da matar da ba ta fita kuma ba ta da yaron aike, da irina da ke aji tun safe har azahar. Ya kuma tsare yara daga tsallaka titi da kuɗi a hannu. Inda ya fi burge ni shi ne ɗa yana Duwala ko Njamena, ya tura kuɗi kai tsaye wurin mai shagon da aka sani, a sauke wa iyayensa shinkafa da mai, kuɗin bai bi ta hannu uku ya rage ba.

Amma ki san abin da kike biya. Tun 1 ga Janairu 2022 akwai harajin gwamnati na kashi 0.2 cikin 100 a kan turawa da kuma cirewa. A kan sefa 50,000, sefa 100 ke nan kowane ɓangare, ba shi ne mai nauyin ba. Mai nauyin shi ne ladan kamfani na cirewa, wanda yawancin masu kaya ke ɗora wa mai saye: "Hajiya, ki haɗo da na cirewa." Ki ƙara kuɗin mai babur. A kan sayayyar jaka talatin wannan ba ya ciwo. A kan cefanen jaka ɗaya da rabi kuwa, kin biya ladan da ya kusa sayen naman miyar. Ciniki ma ba ya yiwuwa yadda ya kamata, don ba ki ga na rumfar kusa ba balle ki juya baya a kira ki. Gyara babu.

Babbar illar ita ce ido. Wata rana na yi baƙi, na ga hoton kifin Lagdo a waya, manya, suna sheƙi, na tura kuɗi. Abin da ya iso min idonsa ya faɗa, cikinsa ya saki. Na kira, aka ce ai shi ne na hoton. Wataƙila shi ne, amma hoton na safe ne ko na jiya, Allah masani. Gani ya kori ji, hoto kuwa ji ne, ba gani ba. Tun daga ranar na yanke wa kaina ƙa'ida: abin da ke cikin kwali ko gwangwani ko kwalba, mai suna da awo da farashin da kowa ya sani, shi nake saye ta waya, kuma wurin wanda na san rumfarsa da ƙafata. Nama da kifi da tumatir da ganye, sai na gani, ko wanda na yarda da idonsa ya gani. Wanda ban sani ba kuwa, sai kaya sun iso hannuna nake biya.

A kula da 'yan damfara. Saƙo ya shigo kamar an turo miki kuɗi, sai kira ya biyo baya, murya a marairaice, wai kuskure aka yi ki taimaka ki mayar. Ki duba ainihin abin da ke asusunki kafin ki taɓa komai. Lambar sirri kuwa ba a faɗa wa kowa, ko ya ce daga ofishin kamfani yake. Akwai kuma ɓarnar da ba ɓarawo a cikinta. Kina kwance da dare kina duba hotuna, ga mayafi, ga kwanuka, kuɗin da ke waya ba ya nauyi a hannu kamar takarda, kafin ki farga na cefanen mako ya tafi.

Da na koma wurin ƙanwata, tambaya uku na fara yi mata. Kuɗin maigidan yaya yake shigowa? Ta ce gyaran babur yake yi, wata rana a samu da yawa, wata rana sai godiya. Ku nawa ne a gidan? Su biyu, sai ƙaninsa da ke kwana a zaure. Ina za ki ajiye buhu? Ta nuna min ɗaki ɗaya da falo, ba sito.

Da a ce mai albashi take aura, da na ce ranar da kuɗi suka shigo a sauke shinkafa da mai da sabulu na wata, a riƙa ware wani abu tun daga damina don hatsin kaka, a bar kuɗin miya a hannunta. Da a ce babban gida ne mai mutum goma sha, da buhu ba shawara ba ce, dole ce, sai dai a san hannun da ke riƙe da makulli. Da a ce suna da gona ko dangi masu aiko da hatsi daga ƙauye, da maganarmu ta tsaya a kan ajiya kawai. Ita kuwa ba ta cikin ko ɗaya.

Na ce mata, "Ki ce masa ya riƙa ba ki na kullum, wannan shi ya dace da samunsa, kada ki sa shi cin bashi don a ce amarya ta sauke buhu. Amma ki roƙe shi abu ɗaya. Duk ranar da kasuwa ta yi kyau, ya ƙara miki wani abu a kai, ki zuba a adashin da kwasarki za ta faɗo a Nuwamba. Da ita za ki sayi rabin buhun masara da wake kwano goma, ba fiye ba, ku uku ne. Mai ki riƙa sayen lita. Waya ki bar ta sai ranar da ba ki da lafiya ko baƙi suka yi miki dirar bazata, kuma mai butik ɗin bakin layinku kaɗai, wanda in ya aiko da abin da ba shi ba za ki iya mayar masa da ƙafa."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Yaya, matan layin fa? Kowa mai babur na tsayawa a ƙofarta." Na ce ta je ta tambayi ɗaya daga cikinsu nawa ta biya mai babur da na cirewa a watan jiya, in ta iya faɗa.

Bidon biyu na mai da suka ƙare a gidana na wanke, suna kife a rana, na waken nata ne. Mun yi da ita Lahadin farko bayan ta kwashi adashin, ni zan biyo mata da sassafe mu tafi Pitowa, in nuna mata yadda ake cizon masara.